HARSHE BA ALƘALI BA NE: Tsokaci a Kan Majalisar Masu Ɗanɗanon Giyar Inabi

Godiya ta tabbata ga Allah Ubangijin talikai, wanda Ya halatta mana tsarkakan abubuwa, Ya kuma tsare mu daga masu cutarwa. Tsira da aminci su tabbata ga fiyayyen halitta, Annabi Muhammadu, da alayensa da sahabbansa da waɗanda suka bi tafarkinsu har zuwa ranar sakamako.

Bayan haka, ya ƴan'uwa Musulmi, akwai wata tambaya da samarinmu suke dawowa da ita gida, musamman waɗanda suka fita karatu ko ci-rani, da masu aiki a manyan otal-otal na birane, da kuma masu leƙen duniya ta cikin wayar salula. Suna cewa: mun yarda burkutu haramun ne, domin mun ga yadda yake kayar da dattijo a kwata. Amma a ƙasashen Turai akwai manoman inabi da sukan taru a gidan ɗayansu, kowa ya zo da kwalbar da ya haɗa da hannunsa, a zuba kaɗan a kofin gilas, a ɗaga a dubi launinta, a shinshina, a kurɓa, a juya a baki, sannan a tofar. Daga nan sai a shiga muhawara: wannan ta fi waccan ƙamshi, waccan ƙasar tudu ce ta haife ta, wannan kuwa shekararta an yi ƙarancin ruwa. Ba wanda ya bugu, ba wanda ya yi zagi. To, wannan ba ilimi ba ne? Ashe gwaninta ba ta wanke sana'a?

Tambayar ta cancanci amsa ta hankali, domin tsawa kaɗai ba ta kashe shubuha, sai dai ta kora ta cikin ƙirji ta ɓuya.

ABIN DA YAKE GASKIYA A CIKIN ZANCENSU

Adalci ya wajaba a kanmu ko da ga wanda muka saɓa da shi. Mutanen nan suna da himma da haƙuri. Mai gonar inabi yakan shuka, ya jira shekaru kafin ya tsinki abin kirki, kuma ya san halin kowane lungu na gonarsa. Faransawa suna da kalma ta musamman, "terwar", wadda suke nufin ɗanɗanon da ƙasa da iska da ruwan sama na wani wuri suke bai wa amfanin gona.

Wannan kuwa ba baƙon ilimi ba ne ga Musulmi. A cikin Suratur Ra'adi, aya ta 4, Allah Maɗaukakin Sarki Ya ja hankalinmu zuwa ga yankunan ƙasa masu maƙwabtaka da juna, da gonakin inabi da shuka da dabino, waɗanda ruwa iri ɗaya yake shayar da su, amma Ya fifita wasu a kan wasu wajen ci, Ya kuma sanya hakan aya ga masu hankali. Manomin Urafane ya san wannan ba tare da ya taka Faransa ba. Ya san hatsin jigawa ba ɗaya yake da na ƙasa mai laka ba, uwargida kuma tun a turmi take gane wanda zai yi fura mai danƙo. Mai saye a kasuwar Tasawa ko ta Mayahi yakan bambance albasar Galmi da sauran albasa, ya bambance dabinon Bilma da na In-Gall. A zamanin Manzon Allah (S.A.W.) ma an san dabinon Haibara mai suna janibu ya fi gama-garin dabino daraja, har wani ma'aikacinsa ya musanya sa'i biyu na gama-gari da sa'i ɗaya na janibu. Manzon Allah bai musanta fifikon ba. Abin da ya hana shi ne musayar, saboda riba, ya kuma koya masa ya sayar da nasa da kuɗi sannan ya sayi mai kyan.

Saboda haka sanin bambancin ɗanɗano baiwa ce daga Allah. Abin dubawa shi ne, har ina ikon wannan baiwa ya tsaya?

HARSHE SHAIDA NE MAI RAUNI

Su kansu ma'abuta sana'ar sun sha ganin kasawar harsunansu. Ranar 24 ga watan Mayu, 1976, wani ɗan kasuwar giya mutumin Ingila, Steven Spurrier, ya shirya gasa a birnin Paris. Ya tara alƙalai 9 daga cikin manyan masanan Faransa, aka ɓoye sunayen kwalabe, aka haɗa giyar Faransa da ta jihar Kalifoniya ta Amurka, wadda a lokacin Faransawa suke yi wa kallon raini. Da aka ƙidaya maki, sai ga ta Kalifoniya ta zo ta farko a ɓangaren fara da kuma ɓangaren ja. Ɗaya daga cikin alƙalan, Odette Kahn, ta nemi a mayar mata da takardar makinta. Harshen da ya yanke hukunci a ɓoye, shi ne ya ji kunyar hukuncinsa da aka yaye murfi.

A 2001 kuma, wani mai bincike a Jami'ar Bordo, Frédéric Brochet, tare da abokan aikinsa, suka ɗauki farar giya suka rina ta da jan launi marar wari, suka ba ɗalibai 54 masu koyon ilimin giya. Sai ɗaliban suka shiga siffanta ta da kalmomin da ake siffanta jar giya. Ido ya riga ya yanke hukunci, hanci da harshe suka bi shi a baya kamar raƙumi da akala.

Haka nan labarin Rudy Kurniawan, ɗan Indunusiya da ya zauna a Kalifoniya. Ya yi shekaru yana gauraya giya mai araha a cikin gidansa, yana ɗurawa a tsofaffin kwalabe, yana manna musu takardun jabu, attajirai da masana suna saye da miliyoyin daloli suna yabawa. An kama shi a 2012, aka yanke masa ɗaurin shekara 10 a 2014.

Darasin da ke nan ya wuce batun giya. Ɗan Adam yana ɗanɗana suna kafin ya ɗanɗana abu. Wanda harshensa ya kasa rarrabe fari da ja idan an ruɗi idonsa, yaya za a ɗora masa nauyin rarrabe alheri da sharri?

DAƊI DABAN, ALHERI DABAN

Mu ƙaddara ma harshen bai taɓa kuskure ba. Duk da haka iyakar abin da zai iya faɗa shi ne: wannan da daɗi, wannan ba daɗi. Abin da zai biyo baya ba ya cikin huruminsa. A 1985 aka gano wasu masu haɗa giya a ƙasar Ostiriya suna zuba wani sinadari mai guba, dangin wanda ake sa wa mota don hana ruwanta daskarewa, domin giyar ta ƙara zaƙi da kauri. Harshe ya yaba, ɗakin gwaji ne ya tona asirin. A 1986, a Italiya, giyar da aka gauraya da sinadarin metanol ta kashe mutum kimanin 20, wasu kuma suka makance.

Ko wadda ba a yi wa algus ba, likitoci ba su wanke ta ba. Tun 1988 cibiyar binciken cutar daji ta duniya, wadda mazauninta yake birnin Liyon na Faransa, ta sanya kayan shaye-shaye masu barasa a sahun farko na abubuwan da suke haddasa cutar daji. Rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na 2024 ya ce barasa ta yi sanadin mutuwar mutum miliyan 2.6 a shekarar 2019. Barasar da ke cikin kwalba mai tsada ita ce dai a cikin ƙwaryar burkutu, hanta kuwa ba ta karanta takardar da aka manna a jikin kwalba.

Alƙur'ani mai girma bai ce giya ba ta da amfani sam ba. A Suratul Baƙara, aya ta 219, ya tabbatar da cewa akwai wasu amfanoni a cikinta ga mutane, sannan ya auna, ya nuna zunubinta ya rinjayi amfaninta. Wannan shi ne awon da harshe ba ya iyawa, domin shi lokacin kurɓa kaɗai ya sani. Shari'a kuwa tana duban mai shan, da iyalinsa, da sallarsa, da dukiyarsa, da maƙwabcin da zai ci karo da shi a hanya. Shi ya sa hukuncin ƙarshe, a Suratul Ma'ida, aya ta 90 da ta 91, ya zo da umurnin nisanta, ya kuma ambaci dalili: ƙiyayya da gaba tsakanin mutane, da shagaltarwa daga ambaton Allah da salla.

Amma batun cewa suna tofarwa, wannan ba mafita ba ce. Hadisin Jabir (R.A.) da Abu Dawuda da Tirmizi suka ruwaito ya nuna duk abin da mai yawansa yake bugarwa, kaɗan ɗinsa ma haramun ne. Tirmizi ya kuma ruwaito hanin zama a kan teburin da ake kewaya giya. Hadisin Anas (R.A.) kuwa ya lissafa mutum 10 da la'ana ta hau kansu a kanta, har da mai matsa ta, da mai ɗaukar ta, da mai sayarwa, da mai cin kuɗinta. Mai ɗanɗanawa ya tofar domin ya ba da maki, aikinsa shi ne ɗaga farashinta da kiran masu saye. Yawun da ya tofar kaɗan ne, amma maganarsa takan sayar da dubban kwalabe.

WATA MAJALISAR ABOKAI A MADINA

Larabawa ma sun san giya farin sani, suna da sunaye masu yawa na nau'o'inta. Buhari da Muslim, da Imamu Malik a cikin Muwaɗɗa, sun kawo labarin Anas ɗan Malik (R.A.) yana shayar da wasu manyan sahabbai a gidan Abu Ɗalha, cikinsu har da Abu Ubaida da Ubayyu ɗan Ka'abu. Abin shan nasu na dabino ne, wanda suke kira fadihu. Suna cikin haka sai labari ya iso cewa an haramta giya. Abu Ɗalha ya umurci Anas ya tashi ya zubar, aka zubar har ta kwarara a lungunan Madina. Ba wanda ya ce a bari ya ƙarasa kofinsa, ba wanda ya ce tasa tsohuwa ce mai tsada a keɓe ta.

Mutanen nan ba don jahiltar daɗinta suka bar ta ba. Sun san daɗin, sun kuma san Wanda Ya hana. A nan ne darajar ɗan Adam take bayyana: ya iya cewa abin nan yana burge ni, amma na bar shi domin Allah. Wanda ya bari a nan kuwa, an yi masa alkawarin abin sha a Aljanna wanda ba ya sa ciwon kai kuma ba ya gusar da hankali, kamar yadda Suratus Saffati ta siffanta.

LAIFI TUDU NE

To, ya ƴan'uwa, kada mu taka namu mu hango na wasu. Akwai abubuwa a wannan majalisa ta Turawa da ya kamata su sa mu dubi kanmu.

Na ɗaya, kyautata aiki. Idan mai haɗa haramun yana kwana a gona don tsoron sanyi ya ɓata masa inabi, ina dalilin mai sana'ar halal da zai tsinka nono da ruwa, ko ya dafa sukari ya kira shi zuma, ko ya sa hatsi mai kyau a saman buhu ya ɓoye mai ƙwari a ƙasa, ko ya ajiye tiya biyu, ta saye da ta sayarwa? Muslim ya ruwaito cewa Manzon Allah (S.A.W.) ya cusa hannunsa a tarin abinci a kasuwa, ya ji danshi a ciki, ya tuhumi mai shi don bai sa jiƙaƙƙen a sama mutane su gani ba, ya kuma barranta daga mai algus.

Na biyu, ɓoye suna kafin hukunci. Sun gano cewa suna yana karkatar da harshe, sai suka rufe shi. Mu fa? A zaman sulhu, da rabon taimako, da neman aure, sau nawa muke fara tambayar ɗan wane ne kafin mu dubi gaskiyar magana? Musulmi ne ya fi cancantar wannan ɗabi'a, tun da an umurce shi da tsayar da adalci ko da a kan kansa da iyayensa.

Na uku, gaskiya tsakanin abokai. A nan akwai ladabi mai buƙatar lura. Abu Huraira (R.A.) ya ce Manzon Allah bai taɓa kushe abinci ba, in yana so ya ci, in ba ya so ya bari. Wannan ladabin baƙo ne a gaban akushin mai gida. Amma idan abokinka mai kilishi, ko mai matsar man gujiya, ko mai kafa amya ya miƙo maka kayansa ya ce ɗanɗana ka gaya mini, to ya ɗora maka amana, yabon ƙarya kuma ha'inci ne da zai kai shi ga asara a kasuwa. Ka faɗa masa gaskiya a keɓe, da tattausan lafazi.

Na huɗu, kada mu zagi kwalba mu rungumi ƙwaya. Saurayin da yake haɗiyar tiramol don ya yi noma ko ya tuƙa babur, sannan yana yi wa mashayi dariya, rijiya ɗaya suka faɗa. Sunan abu ba ya canja hukuncinsa matuƙar yana rufe hankali. Fadar shayi kuwa halal ce, kuma wuri ne na zumunci, muddin butar ba ta hana amsa kiran salla ba, kuma ba a haɗa shayin da naman mutane ba.

Samarin kogo, a lokacin da suka farka cikin yunwa, sun aiki ɗayansu gari da azurfa, suka ce ya duba abincin da ya fi tsarki ya kawo musu, kamar yadda ya zo a Suratul Kahfi, aya ta 19. Tsarki suka fara nema, alhali yunwa tana cin su. Wannan shi ne tsarin mumini: ya fara tambayar halal, sannan lafiya, daɗi ya zo a bayansu, ya ci ya gode wa Allah.

Allah Ya azurta mu da halal, Ya wadatar da mu da shi ga barin haram, Ya shirya mana zuriyarmu, Ya ba mu damina mai albarka. Amin.