Shin Lissafin Yiwuwa Ya Saɓa wa Tawakkali?

Sau da yawa in an yi wa mutum gargaɗi sai ya ce, "Tsautsayi ba ya wuce ranarsa." Maganar gaskiya ce, amma abin tambaya shi ne, ta ɗauke wa mutum alhakin abin da ya aikata?

Akwai wani reshe na ilmin lissafi da ke auna yiwuwar aukuwar abu. Ya kafu ne a 1654, sa'ad da Pascal da Fermat, mutanen Faransa, suka yi musayar wasiƙu kan yadda za a raba kuɗin cacar da aka katse. A 1933 Kolmogorov na Rasha ya tsara masa ƙa'idoji. Ta farko, yiwuwar kowane abu tana tsakanin 0, wato ba zai auku ba, da 1, wato tabbas. Ta biyu, in aka tara yiwuwar dukkan sakamakon da ka iya fitowa, 1 za a samu. Akwai kuma dokar da ta ce in abubuwa biyu ba su rataya da juna ba, yiwuwar su auku tare ita ce ta wannan sau ta wancan.

Manomin Kiru ya san wannan tun bai ji sunan Pascal ba. A ce gero yakan ƙi sau ɗaya cikin damina huɗu, dawa ma haka. In ya shuka duka biyun, yiwuwar ya tashi a tutar babu ta zama 1 cikin 16. To amma da sharaɗi, domin ruwan sama guda suke sha. Farin 1973 bai bar gero ba, bai bar dawa ba. Amfanin madatsar ruwa ta Tiga da ke ƙasar Bebeji ke nan, wadda aka gama a 1974 zamanin Gwamna Audu Baƙo: ta buɗe noman rani, wanda bai dogara kacokan da ruwan sati guda ba. Wa zai ce wanda ya yi haka ya rasa tawakkali?

Yanzu mu ɗauki direbobi biyu a hanyar Kano zuwa Jos, wadda ta ratsa Tudun Wada da dajin Falgore ta nufi Doguwa. Dukansu sun yi lodin da ya wuce kima, birki kuma ba kirki. A ƙaddara hatsarin irin wannan tafiya 1 ne cikin 100. Ƙarami ne a ido, amma in aka yi sawu 70, yiwuwar a yi hatsari ko sau ɗaya ta haura rabi. Ɗaya ya isa lafiya, aka ce gwani ne. Ɗaya ya kife, aka ce mai ganganci. Alhali kuwa laifinsu guda, domin kowannensu ya yi caca da rayukan da ba nasa ba. Sa'a ce kawai ta raba su, ita kuwa sa'a ba ta wanke mai laifi.

A nan ne nake ganin lissafi da addini suka haɗu. Lissafi bai ce ya san gaibu ba. Iyakarsa ya auna abin da muka sani da wanda ya ɓuya mana. Ƙaddara ta Allah ce, ba a tambayarmu ita. Abin da za a tambaye mu shi ne yawan hatsarin da muka ɗora wa mutane muna sane. Ai shi ya sa aka hore mu da ɗaure raƙumi kafin tawakkali.

Saboda haka, 'yan'uwa ɗalibai, kada mu auna aikin mutum da yadda ya ƙare kaɗai. Mu auna shi da abin da ya sani lokacin da ya ta da mota. Allah ya sa mu dace, amin.