Wa Ke Da Izinin Yin Dariya a Kan Wuyar Wani?

Kwanan baya muka karanta wani littafin labari mai ban dariya a kan matan Amurka da suka bi ayarin kekunan shanu zuwa yamma a shekarun 1850. Da muka zauna tattaunawa sai muka rabu gida biyu. Wasu suka ce sun yi dariya har da hawaye, wasu kuma suka ce ransu ne ya ɓaci, domin ba a wasa da kabari.

Masu ɓacin rai suna da hujja. Hanyar da ta tashi daga garin Independence a jihar Misuri zuwa Oregon ta haura kilomita 3,000, kuma akan shafe wata huɗu zuwa shida ana tafiya. Yawancin matan a ƙasa suka taka, saboda kaya sun cika keken. Inda babu itace, busasshen kashin ɓauna suke tsinta su yi girki. Kwalara kan kama mutum da safe, kafin dare an binne shi a gefen hanya, ayari ya wuce. A 1853 wata mata, Amelia Stewart Knight, ta bar Iowa da 'ya'ya bakwai da ciki, ta haifi na takwas dab da isarsu. Jiki magayi. To mu da muke karatu a waya, da cikinmu a ƙoshe, da wane baki za mu yi dariya?

Mu da muke sana'ar rubuta manhaja mun san wani misali. A 1971 wasu matasa uku masu koyon aikin malanta a Minnesota suka ƙirƙiro wasan kwamfuta mai suna The Oregon Trail don koyar da tarihi. Abin da mutane suka fi tunawa da shi yau shi ne saƙon da ke cewa atuni ya kashe ka, har ya zama abin zolaya. A wasan, in ka mutu sai ka sake farawa. Matan gaskiya ba su samu wannan damar ba.

Duk da haka, mun ga hujjar masu ɓacin rai ba ta kai ƙarshe ba. A gidajenmu, idan tsohuwa ta rasu, jikoki kan yi barkwanci a zaman makoki, kuma babu mai cewa sun raina ta. Kusanci ne ya ba su izini. Haka nan akwai bambanci tsakanin ka yi wa mutum dariya da ka yi dariya tare da shi. Littafin da ya nuna mace tana faɗa da saniya mai taurin kai, ko tana tsokanar miji da ya ɗauko kayan da dole aka zubar a hanya, ya mayar mata da mutuntakarta. Wanda kullum yake nuna ta tana kuka ya mayar da ita abin tausayi kawai, alhali ita ma ta yi fushi, ta yi gulma, ta yi raha.

Tambayar da ta fi yi mana nauyi ƙaramar cikinmu ce ta yi ta: a ƙasar wa ake wannan raha? Yammacin ba kango ba ne. Lakota da Pawnee da Shoshone suna can. Dabbobin ayari sun cinye musu ciyawa, ɓauna ta ƙaurace, kuma a 1847 ƙyanda ta hallaka 'yan ƙabilar Cayuse masu yawa. A littafin da muka karanta, inuwa kawai suke a bakin tudu. Babu wanda ya ba su suna, balle ya bar su su ma su faɗi abin dariya.

A nan muka tsaya. Dariya ba laifi ba ce, amma tana da ƙa'ida: ka san abin da ya faru kafin ka yi ta, sannan ka duba wanda aka bari a waje. Mun yarda za mu sake karanta littafin, amma wannan karon za mu nemi na wani marubuci daga cikin waɗannan ƙabilu mu ajiye a gefensa.