Wanda Ya Gudo Gida Lokacin Annoba

A ƙasar Mafara da Bakura da Maradun lissafin shekararmu sananne ne. Da an zuba amfanin gona a rumbu, wanda ba shi da fili a noman rani na Bakolori sai ya ɗaure 'yan tsummokaransa ya tafi ci-rani Legas, Ibadan ko Abuja. Wani garuwa, wani dako, wani yankan farce, wani acaɓa. Ba ya waiwayar gida sai hadari ya fara haɗuwa a gabas. A 2020 lissafin nan ya rushe. Ranar 27 ga Fabrairu aka samu mutum na farko mai cutar korona a Legas, ranar 30 ga Maris aka kulle Legas da Abuja. Sai ga 'yan uwanmu suna shigowa tun rani bai ƙare ba, wasu ma bayan an hana zirga-zirga tsakanin jihohi.

Tambayar da ba mu zauna mun amsa ba har yau ita ce: wanda ya katse nemansa ya gudo gida daga garin annoba, ya kyauta, ko ya yi ganganci da ran iyayensa?

Yawancinmu mun san labarin Sayyadina Umar. Ya kama hanyar Sham, da ya isa wani wuri mai suna Sarg aka tarye shi da labarin annoba ta ɓarke a can. Ya shawarci Muhajirai, suka rabu biyu. Ya shawarci Ansar, su ma haka. Dattawan Ƙuraishawa suka ce ya juya, ya kuwa juya. Abu Ubaida ya ga kamar gudun ƙaddara ne, Umar ya nuna masa cewa komawar ma ƙaddarar Allah ce. Sannan Abdurrahman bin Auf ya zo da hadisin da ya hana shiga garin da annoba take, ya kuma hana wanda ke ciki fita don gudunta.

Muna son jawo wannan labari don wanke mai dawowa, amma mukan manta hadisin gefe biyu gare shi. Umar bai riga ya shiga ba. Ɗan ci-raninmu kuwa a tsakiyarta yake, matsayinsa irin na Abu Ubaida ne, wanda ya zauna a Sham har annobar ta yi ajalinsa. Hikimar hanin a fili take ga korona: saurayi mai jini a jika yana iya ɗauke da ita bai ko yi tari ba, ya zo ya ci tuwo kwano ɗaya da tsohon da ke fama da hawan jini, su yi alwala da buta ɗaya.

To, sai mu yanke masa hukunci? Mu tsaya tukuna. Mutumin da ke hannu baka hannu ƙwarya, wanda makwancinsa rumfar kasuwa ne ko kango, me "zauna a gida" ke nufi a wurinsa? Kasuwa a rufe, aljihu ya bushe, azumi ya kama ranar 24 ga Afrilu, ga damina tafe, in bai yi shuka ba gidansu ne zai kwana da yunwa baɗi. Malamai irin su Imam Nawawi sun bayyana cewa fita don wata buƙata, ba don gudun cutar ba, ta halatta. Yunwa kuwa buƙata ce da ba ta jiran a buɗe hanya.

Sai dai kyakkyawar niyya tana ɗauke laifi, ba ta ɗauke ƙwayar cuta daga ƙirji. Nan ne muke ganin nauyin ya rabu biyu. Wanda ya dawo, haƙƙin gida a kansa shi ne gaskiya: ya faɗi inda ya fito, ya haƙura da zaure ko shago kwana 14 kamar yadda hukumar NCDC ta ba da shawara, da modarsa da tabarmarsa, ya bar kasuwar Talata ta ci sau biyu ba shi. Mu kuma haƙƙinsa a kanmu shi ne kada killacewar ta zama wulaƙanci.

A nan muka gaza. Wasunmu suka ce korona ciwon masu kuɗi ce, suka rungume baƙo, aka wuce majalisa. Wasu suka guje shi har gaisuwa ta gagara. Duka biyun masu sauƙi ne, don babu wanda ke buƙatar haƙuri. Mai wuyar ita ce ka kai wa ɗan uwanka kunu da ƙosai bakin ƙofa lokacin buɗa-baki, ka zauna nesa kaɗan ku yi hira, ka leƙa masa gonarsa har kwanakin su cika. Zumunta a ƙafa take, gaskiya ne, amma wani lokaci ƙafar da ta san inda za ta tsaya ita ta fi zumunta.

Mun ga sanƙarau a 2017, mun ga korona a 2020, mun ga kwalara a 2021. Wata za ta zo. Ranar da waya ta yi ƙara, ƙaninmu ya ce, "Yaya, ga ni a mota," kada mu ce masa ya koma, kada kuma mu tara masa jama'a. Mu ce, "Allah ya kawo ka lafiya, an share maka zaure."