Kaiwa Sama Rabin Tafiya Ne

Ɗana, idan karatu ko ziyara ta kai ka Ingila, abokai suka ce ka zo ku je hawan dutse a yankin tafkunan nan na arewa maso yamma da ake kira Lake District, kada ka ƙi. Wuri ne da ya cancanci a gani. Sai dai ka saurare ni kafin ka ɗaura takalmi.

Dutsen da kowa ke marmari shi ne Scafell Pike, mai tsawon mita 978, wanda duk Ingila babu kamarsa. Kada ka raina wannan lamba. Daga ƙauyen Wasdale Head, kusan mita 900 za ka hau da ƙafarka, samansa kuma tarin duwatsu ne masu gocewa in an taka. Takalmin yawon gari ba ya aiki a can. Nemi mai riƙe idon sawu. In ba ka taɓa hawa ba, fara da Catbells kusa da garin Keswick, mai mita 451. Alfred Wainwright, wanda ya bayyana duwatsu 214 na yankin cikin littattafai bakwai da ya rubuta da hannunsa, tsakanin 1955 da 1966 ya fitar da su ɗaya bayan ɗaya. Bai yi gaggawa ba, kai ma kada ka yi.

Kada kuma ranar watan Yuli ta ruɗe ka. Ɗumin da ka baro a gindin Scafell Pike zai ragu da wajen digiri 6 kafin ka kai sama, ban da abin da iska za ta ƙara. Ƙauyen Seathwaite da ke ɗaya ɓangaren dutsen yana samun ruwan sama fiye da mita 3 a shekara. Saboda haka ko gari ya waye tangaran, saka rigar ruwa da ta sanyi a jaka, da abinci, da ruwan sha, da tocila. Riƙe taswira ta takarda da kamfas, ka kuma koyi aiki da su tun daga gida, domin waya caji na ƙare mata, sabis ma ba ko'ina ba.

Ga inda nake so ka buɗe kunne. A saukowa aka fi samun matsala, lokacin da gwiwa ta gaji, hankali ya koma gida. Hazo kan rufe kan dutsen cikin 'yan mintoci, har ka daina hango tsibin duwatsun da aka jera don nuna hanya. A irin haka ne mutane ke kaucewa ta wajen dutsen Lingmell su gangara cikin Piers Gill, wani kwazazzabo mai zurfi da ya ci rayuka. Don haka tun kafin ku tashi, ku yanke lokacin juyowa, ku faɗa wa wani hanyar da za ku bi. In lokacin ya cika, ko kana hangen ƙololuwa, juyo. Abokai za su ce saura kaɗan; ka ce musu da muguwar rawa gwamma ƙin tashi.

In tsautsayi ya faɗa, buga 999, ka nemi 'yan sanda, sannan ka ce masu ceto a kan dutse kake so. Amma ka sani 'yan sa-kai ne, ba albashi suke karɓa ba. Aikinsu da barcinsu suke bari su fito. Ba daidai ba ne gangancinka ya fito da uban wasu cikin ruwa da tsakar dare.

Sauran kuwa ladabi ne. Ƙasar makiyaya kake ratsawa, to rufe duk ƙyauren da ka buɗe, kada ka razana tumakinsu, ka kuma sauko da shararka.

Wanda ya juyo bai kai ba, zai iya komawa baɗi. Allah ya kai ka lafiya, ya dawo mana da kai lafiya.