SHUGABAN HAMSIN NA UKU

Mu mutanen ƙasar Miga mun san yadda mulki yake hawa hawa. Akwai Sarki a Dutse, ƙarƙashinsa hakimi, sa'an nan dagatai da masu unguwa. Haka Isra'ilawa suka tsara rundunarsu. Annabi Sama'ila ya faɗa musu tun da fari, in sun naɗa sarki zai ɗebi 'ya'yansu ya sa su shugabannin dubu da shugabannin hamsin. A wannan wata muna so mu dubi ɗaya daga cikin ƙananan nan, wanda ko sunansa ba a rubuta ba. Labarinsa yana cikin 2 Sarakuna sura 1.

Wajen shekara 850 kafin haihuwar Almasihu, Ahaziya ɗan Ahab yana sarauta a Samariya. Ya faɗo daga benensa ya ji ciwo. Maimakon ya nemi Ubangiji, sai ya aika a tambayi Ba'alzebub, gunkin Ekron, ko zai warke. Annabi Iliya ya tare manzannin a hanya, ya komar da su da saƙo cewa sarki ba zai tashi daga gadon nan ba. Sarki kuwa ya aiki shugaban hamsin da mutanensa su zo da annabin.

Na fari ya tarar da Iliya zaune bisa tudu, ya umarce shi ya sauko da sunan sarki. Wuta ta faɗo daga sama ta cinye shi da mutanensa. Na biyu ya zo ya ƙara tsanani, ya ce ya sauko maza. Shi ma haka ta same shi. Mutum 102 ke nan suka hallaka.

To, ga na uku. Umarnin da aka ba shi ɗaya ne da na waɗancan. In ya ƙi zuwa, ga fushin sarki. In ya zo da gadara, ga wuta. Hausawa sun ce gani ga wani ya ishi wani tsoron Allah. Ya hau tudun, ya durƙusa a gaban Iliya, ya roƙa a ga darajar ransa da na mutum hamsin da ke bayansa. Sai mala'ikan Ubangiji ya ce wa Iliya ya bi shi, kada ya ji tsoro. Ku lura, abin da ƙarfi ya kāsa, tawali'u ya yi: annabi ya je gaban sarki, mutum hamsin kuma suka koma gidajensu da rai.

Yawancinmu ba manya ba ne, amma kowa yana da hamsin ɗinsa. Mai gida yana da iyali, dattijon ekklesiya yana da garke, shugabar zumuntar mata da shugaban matasa suna da masu jin maganarsu. Ran da shanu suka shiga gonar ɗan'uwa a fadama, samari suka ɗauki sanduna suna jiran bakinmu, me za mu ce? Ran da wani babba ya aike mu aikin da muka san Allah ba ya so, za mu fake da cewa aiko mu aka yi? Na fari da na biyu ma aiko su aka yi.

Kada kuma mu ɗauka mu ne Iliya. Sa'ad da Yakubu da Yohanna suka so su kira wuta bisa wani ƙauyen Samariyawa, Yesu ya tsauta musu, kamar yadda Luka sura 9 ta nuna. Wurinmu yana wajen mai durƙusawa, gama Ubangijinmu da kansa ya durƙusa a Getsamani, ya ba da ransa domin mu tsira.

Kafin mu kwanta yau, bari kowannenmu ya ambaci sunayen waɗanda aka danƙa masa ɗaya ɗaya a gaban Allah. Ubangiji ya ba mu zuciyar shugaban nan na uku. Amin.