MALEJIN KEKE BAI SAN HANYA BA

'Yar'uwa, akwai wata 'yar na'ura da masu tseren keke a Turai da Amurka ke ɗaurawa a kan keke, girmanta bai wuce kwalin ashana ba. Aikinta ta nuna gudun da mutum yake yi da nisan da ya ci, kamar dai malejin mota. Asalinta tsohon abu ne. Tun 1895 wani Ba'amurke, Curtis Veeder, ya ƙera mai ƙirga nisan tafiyar keke. Ta lantarki mai nuna lambobi kuwa sai wajen shekarun 1980 ta bazu.

Yadda take aiki ba wuya. Ana maƙala ɗan maganaɗisu a jikin wayar tayar gaba, a sa wani ɗan abu a ƙarfen da ke riƙe da tayar. Duk sanda maganaɗisun ya gifta, an ƙirga juyi ɗaya. Tayar babban keke tana cin kusan mita 2.1 a juyi guda, ke nan juyi wajen 476 ya ba da kilomita ɗaya.

To ga abin lura. In aka ɗaga tayar sama aka yi ta juya ta da hannu, na'urar za ta rubuta an yi tafiya, alhali keken bai bar zaure ba. In mahayi ya ɓata hanya, ya yi gabas maimakon yamma, haka za ta ci gaba da ƙirga masa kilomita. Ko sababbin da ke aiki da tauraron ɗan'adam, hanya za su nuna, ba za su ce zuwa wurin alheri ne ko akasinsa ba.

Tambayar ita ce: shin abin da ya ƙirgu shi kaɗai ne abin ƙima? Mu mata ma muna da namu malejin. Akwati nawa aka kawo lefe? Atamfa turmi nawa? Wance shekararta nawa aka ɗaura mata aure, ke kuma me kike jira? Lambobin gaskiya ne, amma wata an kai mata akwati goma sha biyu, auren bai shekara ba. Taya ta yi ta juyawa, ba a je ko'ina ba. Ba girin-girin ba dai, ta yi mai.

Kada ki ce ƙirga ba shi da amfani. Wadda ba ta lissafin cefane da adashi, wata zai yi nisa ta rasa na gishiri. Sai dai ko malejin keke, sai an gaya masa girman tayar da yake aunawa. In aka sa masa awon babban keke a keken yara, duk lissafinsa ƙarya ne. Haka wadda ke auna gidanta da awon gidan maƙwabciya, kullum lissafi zai nuna mata an bar ta a baya. Kowa da kiwon da ya karɓe shi.

Haƙurin da kika yi da yaro mara lafiya cikin dare, da amanar miji da kika riƙe, ba na'urar da ke ƙirga su, amma su ne ke kai gida ga zaman lafiya. Saboda haka kafin ki tambayi kanki ko kina sauri, fara tambayar ina kika dosa. Allah Ya sa mu dace.