GWAJIN DNA BA YA YANKE NASABA: NASIHA GA MAGIDANTA KAFIN A RUSHE GIDA

Godiya ta tabbata ga Allah, tsira da aminci su tabbata ga Manzon Allah (SAW) da alayensa da sahabbansa.

'Yan uwa, zancen gwajin DNA ya cika wayoyinmu a 'yan shekarun nan. A 2021 wani alƙalin babbar kotu a jihar Delta ya fito bainar jama'a ya ce gwaji ya nuna 'ya'ya uku da tsohuwar matarsa ta haifa ba nasa ba ne. Bayan rasuwar mawaƙi Mohbad a Satumban 2023, sai da danginsa suka kai ga kotu a kan gwajin ɗansa. Mu da ke nan ƙetaren kogi, Kakuri, Makera, Nasarawa da Barnawa, kasuwarmu ɗaya da wurin aikinmu ɗaya da maƙwabtan da dokar aurensu ta bambanta da tamu, don haka hirar ta shigo majalisunmu. Har ka ji matashi yana cewa, "Ni dai in an haifa min, daga asibiti sai ɗakin gwaji." To, me shari'a ta ce?

Amsar a dunƙule: yaron da aka haifa a cikin aure ingantacce ɗan mijin ne, kuma takardar ɗakin gwaji ba ta raba shi da ubansa. Ga bayanin.

1. ASALI SHI NE SHIMFIƊAR AURE

A shekarar da aka buɗe Makka, Sa'adu ɗan Abi Waƙƙas da Abdu ɗan Zam'a suka kawo jayayya a kan wani yaro. Sa'adu ya ce ɗan ɗan'uwansa Utba ne, a dubi kamanninsa. Abdu ya ce ƙanensa ne, a kan shimfiɗar mahaifinsu aka haife shi. Annabi (SAW) ya duba, ya ga kama ƙarara da Utba, amma ya hukunta yaron ga mai shimfiɗa, sannan ya umarci matarsa Sauda 'yar Zam'a ta riƙa suturta kanta daga yaron. Bukhari da Muslim duk sun ruwaito wannan.

Ka lura da kyau. Ba wai ba a ga alamar jini ba ne. An gan ta, an yi aiki da ita wajen taka-tsantsan, amma ba a bari ta rinjayi aure wajen nasaba ba.

Sharaɗin shi ne haihuwa ta zo bayan wata 6 ko fiye, kuma haɗuwar ma'auratan ta kasance mai yiwuwa. Malamai sun ciro wata shidan ne daga ayoyi biyu: Suratul Ahƙafi aya ta 15 ta sa ciki da yaye wata 30, Suratul Baƙara aya ta 233 ta sa cikakkiyar shayarwa shekara 2, wato wata 24. Ka cire 24 daga 30, saura 6.

Kada wani ya ɗauka mu kaɗai ne a kan wannan. Dokar Shaida ta Najeriya ta 2011, sashe na 165, ita ma ta ɗauki yaron da aka haifa cikin aure, ko cikin kwana 280 bayan mutuwar auren matuƙar uwar ba ta sake aure ba, a matsayin ɗan mijin, sai in an tabbatar wa kotu akasin haka. Bambancin shi ne a can kotu kan karɓi gwaji don rushe wannan asali, a shari'a kuwa hanyar daban ce.

2. "BAI YI KAMA DA NI BA"

Yawancin zargi daga nan yake tasowa: yaro ya fito fari uba baƙi, ko gwaggo ta ce hancin nan ba na gidanmu ba ne. Wani mutum daga Banu Fazara ya zo wa Annabi (SAW) da irin wannan, matarsa ta haifi yaro baƙi. Sai aka tambaye shi launin raƙumansa, ya ce jajaye ne. Akwai mai ruwan toka a cikinsu? Ya ce akwai. Daga ina? Ya ce wataƙila wata jijiya ce ta kakanni ta fizgo shi. Aka ce masa to ɗanka ma haka. Ba a ba shi damar kore yaron ba. Ilimin ƙwayoyin halitta na yau ma ya tabbatar da cewa siffa kan ɓuya a jikin uba ta ɓullo a jikin jika.

3. SHIN MUSULUNCI YA ƘI GWAJIN NE?

A'a, ko kaɗan. Ranar da Mujazziz al-Mudliji, gwanin gane dangantaka ta kamanni, ya ga ƙafafun Zaidu da ɗansa Usama sun leƙo daga mayafi ya ce ƙafafun nan jini ɗaya ne, Annabi (SAW) ya shiga wurin Nana A'isha fuskarsa tana walƙiya don murna. Gwaninta ta zo ta ƙarfafa nasaba, aka yi maraba da ita.

Ita kanta fasahar DNA, Farfesa Alec Jeffreys ne ya gano ta a Jami'ar Leicester da ke Ingila a 1984, kuma aikin farko da aka yi da ita a 1985 shi ne tabbatar wa hukumar shige da fice cewa wani yaro ɗan asalin Gana ɗan mahaifiyarsa ne. Da haɗa iyali ta fara.

Majalisar Fiƙihu ta Rabiɗa ta zauna a kan mas'alar a zamanta na 16 a Makka, cikin Janairun 2002. Ta halatta gwajin a wurare kamar haka: jayayya kan yaron da ba a san nasabarsa ba, cakuɗewar jarirai a asibiti, yaran da suka ɓace saboda yaƙi ko annoba, da gawarwakin da aka kasa ganewa. Ta kuma ce bai halatta a dogara da shi wajen kore nasaba ba, ba a gabatar da shi a kan li'ani, ba a kuma yin sa don "a tabbatar" da nasabar da shari'a ta riga ta tabbatar. Ta ba da shawarar kada a yi shi sai da umarnin kotu.

Wuraren halaccin nan ba baƙi ba ne a gare mu. Ku tuna yaran Kano 9 da aka sace aka gano su a Anaca cikin Oktoban 2019, an sauya musu suna, wasu har sun manta Hausa. Ku tuna iyalan garin nan da suka rabu da nasu a rikicin 2000 da na 2002. A irin wannan, gwajin DNA rahama ce, kuma neman sa aikin lada ne.

4. ALƘALUMAN DA AKE TSORATA KU DA SU

Wani kamfanin gwaji a Legas, Smart DNA, ya fitar da rahoto a 2024 cewa kashi 27 cikin 100 na mazajen da aka gwada ba su ne iyayen yaran ba. Nan take aka juya shi zuwa "ɗaya cikin huɗu na 'ya'yan Najeriya". Haba! Su wa ke zuwa gwajin? Galibinsu masu zargi ne tun daga gida. Kamar ka je asibiti ka ƙirga marasa lafiya ne, ka dawo ka ce garin duk ba lafiya. Juya lissafin ma ka gani: kashi 73 yaran nasu ne. Mata nawa ke nan aka zarga a banza?

Sannan gwajin mutane ne ke yin sa. Ana iya musanya samfuri, ana iya sayen takarda. A Amurka, a 2002, gwaji ya ce wata mata mai suna Lydia Fairchild ba ita ce uwar 'ya'yan da ta haifa da cikinta ba, daga baya aka gano jikinta na ɗauke da ƙwayoyin halitta iri biyu. A Faransa, yin gwajin uba ba da izinin kotu ba laifi ne mai ɗaurin shekara 1 da tarar Yuro 15,000. Ko waɗanda ba sa karanta Risala sun gane ɓarnar gwajin ɓoye.

5. "MALAM, TO IN INA DA YAƘINI FA?"

Tambaya ce mai nauyi, kuma shari'a ba ta toshe maka ƙofa ba. Ƙofar ita ce li'ani, a Suratun Nur aya ta 6 zuwa ta 9, kamar yadda ya faru da Hilalu ɗan Umayya da Uwaimir al-Ajlani. A gaban alƙali miji zai yi rantsuwa 4 cewa shi mai gaskiya ne, a ta biyar ya kira wa kansa la'anar Allah in ƙarya yake. Matar ta yi 4 cewa ƙarya yake, a ta biyar ta kira wa kanta fushin Allah in gaskiya ya faɗa. Daga nan an rabu har abada, a jingina yaron ga uwarsa, su gaji juna.

Amma a mazhabar Malikiyya da kotunanmu ke bi, korewar da gaggawa take. Wanda ya san da cikin ko haihuwar ya yi shiru ba uzuri, li'aninsa ya faɗi. Kai da ka yi huɗuba, ka yanka rago, ka raɗa suna, ka kai shi makarantar allo, ba za ka dawo bayan shekara 10 da takarda ka ce ba naka ba ne. Nasaba ba haƙƙinka ba ce kai kaɗai. Haƙƙin yaron ce: sunansa, ciyarwarsa, gadonsa, waliccin aurenta in mace ce, da su waye muharramansa.

Wasu malaman zamani, irin su Shaikh Yusuf al-Ƙardawi, suna ganin in matar ce ta nemi gwajin don ta wanke kanta daga zargin miji, alƙali ya amsa mata. Shi ma dai ta hannun alƙali ne, kuma don karewa ne.

6. GARGAƊI GA KOWA

Ɗan'uwa magidanci, kada ka saci yawun ɗanka ko gashinsa ka aika Legas ko Abuja a ɓoye. In sakamako ya ce naka ne, ranar da matarka ta sani, wallahi amana ta tafi. In ya ce ba naka ba ne, ka ɗauko wutar da shari'a ba za ta kashe maka ba. In ka ɗora a Facebook kana jifar ta da zina ba shaidu 4, ƙazafi ke nan, haddinsa bulala 80, kuma abin da ka rubuta yaron zai girma ya tarar da shi.

'Yar'uwa, kada ki ɗauki wannan sutura a matsayin lasisi. Abu Dawud ya ruwaito narko mai tsanani a kan macen da ta shigar wa wasu mutane ɗan da ba nasu ba, haɗe da narko a kan namijin da ya musanta ɗansa yana kallon sa. Hukuncin alƙali zahiri yake bi, Allah kuwa Ya san ɓoye. Ki kiyaye iddarki. Auren da ake ɗaurawa cikin gaggawa kafin idda ta cika yana cikin manyan ƙofofin wannan rikici.

Iyaye da dangi, ku kame baki. Da yawa zargin nan ba daga miji ya fara ba, daga habaicin tsakar gida ne ranar suna.

Wanda kuma abu ya tsaya masa a rai da gaske, ya sami malami amintacce a asirce. In ta kama a je kotu, jihar Kaduna na da kotunan shari'a tun 2001, can ne muhallin maganar, ba majalisar mai shayi ba.

Allah Ya tsare mana zuriyarmu, Ya suturta matanmu, Ya raba zukatanmu da mummunan zato. Wallahu a'alam. A tura wa wanda zai amfana.